Mai barin addini da ya kasa barin dangi: amsa kan adabin Yahudawa na zamani

"Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗaliba ce mai nazarin adabi. A 'yan watannin nan na karanta wasu ƙagaggun labarai na marubuta Yahudawa da aka fassara zuwa Turanci, kuma abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Kusan kowane littafi sai na tarar wani ya bar addinin iyayensa, ko yana shirin bari, ko yana faɗa wa Ubangiji maganganun da ni ko maimaita su tsoro nake ji. Duk da haka marubucin da taurarinsa suna kiran kansu Yahudawa. Yaya mutum zai ce bai yi imani ba, kuma ya ce shi Bayahude ne? Me kuma ya sa zancen sauya addini ya cika littattafansu haka?"

Amin, Malama, Allah ya ƙara mana baki ɗaya. Tambayoyi biyu kika ɗaure wuri ɗaya, kuma ta farkon ce mabuɗin ta biyun. In kika gane abin da ya sa marar imani yake amsa sunan Bayahude, za ki gane abin da ya sa labarin sauya addini ya ƙi ƙarewa a littattafansu, sai dai ya sake riga. Ki san kuma daga inda nake magana: adabin kwatance nake koyarwa, na daɗe ina sa wasu daga cikin labaran nan a manhajar ajina, amma ta fassarar Turanci nake karanta su, kuma idon mai nazarin adabi nake kallonsu da shi, ba na malamin addininsu ba. Akwai abin da nakan faɗa wa ɗalibai tun ranar farko, don na san abin da ke ransu. Galibin littattafan nan a Rasha da Jamus da Poland da Amurka aka rubuta su, da yawa tun kafin a kafa Isra'ila a 1948. Batun Falasɗinu yana nan da nauyinsa, amma mai tallar madara a wani ƙauyen Yukren a 1905 damuwarsa daban ce.

Suna ɗaya, abu biyu

A wurinmu Musulunci shahada ce. Wanda ya furta ta ya shiga, ko ɗan wace ƙabila ne. A shari'ar Yahudawa kuwa tushen lamarin haihuwa ce: duk wanda Bayahudiya ta haifa Bayahude ne, ya yi ibada ko bai yi ba. A cikin Talmud, babban kundin shari'arsu, akwai jimlar da ke cewa ɗan Isra'ila ko ya yi zunubi yana nan ɗan Isra'ila, kuma Rashi, malaminsu da ya rayu a Faransa a ƙarni na 11, ya faɗaɗa ta har ta haɗa da wanda ya koma wani addini. Mai ridda a wurinsu ɗan gida ne da ya yi babban laifi, amma ɗan gida. Abin da ya fi kusa da wannan a namu shi ne kalmar Bahaushe. Da yawa in sun ji ta Musulmi suke hangowa, alhali Bamaguje Bahaushe ne ciki da bai, haka ma Bahaushen da ke zuwa coci. Kwatancin dai yana ɗingishi, domin Hausanci ba shi da kotu ko littafin da ke yanke wa mutum hukuncin shiga da fita, Yahudanci kuwa yana da su.

Ɗaruruwan shekaru wannan tagwayen ma'ana bai hana kowa barci ba, saboda abubuwan biyu a manne suke. Bayahuden Turai a unguwarsu yake zaune, wani lokaci da ganuwa da ƙofar da ake kullewa da dare, kamar geton Venice da aka kafa a 1516. Malamansu ke ɗaura masa aure, su raba masa gado. Wanda ya bar addini ya bar unguwa da harshe da teburin uwarsa a rana ɗaya. Sai ga Faransa a 1791 ta ba su cikakken 'yancin ɗan ƙasa. Sauran ƙasashe suka biyo da jan ƙafa, Jamus ma sai 1871. A tsakanin nan aka samu samarin da suka yi boko, suka laƙanci Jamusanci, amma kujerar jami'a da alƙalanci da muƙamin hafsan soja duk a rufe suke gare su sai in sun zo da takardar baftisma, wato shaidar wankan shiga addinin Kirista. A bakin wannan ƙofa aka haifi adabin da kike karantawa. Moses Mendelssohn na Berlin, jagoran masu cewa ana iya zama Bayahude mai ibada kuma ɗan zamani, ya rasu a 1786 yana riƙe da addininsa kam. Huɗu daga cikin 'ya'yansa shida sun koma Kirista.

Misalin da ba a tsallakewa shi ne mawaƙi Heinrich Heine. A 1822 gwamnatin Prussia ta rufe wa Yahudawa ƙofar koyarwa a jami'o'inta. A 1825, yana dab da karɓar digirin lauya a Göttingen, Heine ya tafi wani ƙaramin gari aka yi masa baftisma cikin sirri, Harry ya koma Heinrich. Shi da kansa ya kira takardar baftisma tikitin shiga wayewar Turai. Ki lura da kalmar, tikiti ya ce, ko kusa bai ambaci shiriya ba. Aikin da ya yi kwaɗayi bai samu ba, kuma ba a rufa shekara ba ya rubuta wa wani abokinsa cewa yanzu Kirista da Bayahude duk sun tsane shi, yana cikin nadama. Ba tsuntsu ba tarko. A shekaru takwas na ƙarshen rayuwarsa, yana kwance a Paris ciwo ya ɗaure shi a katifa, ya koma rera waƙa kan ranar Asabar da kan Yehuda Halevi, mawaƙin Yahudawan Andalus.

Abin da ya fi jan hankalina game da shi ya faru tun kafin baftismar. A 1823 ya buga wasan kwaikwayo mai suna Almansor, kuma Musulmin Granada ya ɗauko bayan faɗuwar birnin a 1492: saurayi ya dawo ya tarar masoyiyarsa ta koma Kirista, maƙwabta na gogoriyon nuna wa sababbin masu mulki cewa sun tuba. A cikin wasan ne wani dattijo Hassan, da aka ba shi labarin an jefa Alƙur'ani cikin wuta a kasuwar Granada, ya ce inda aka ƙona littattafai, ƙarshe mutane za a ƙona. Saurayi Bayahude yana neman yadda zai faɗi ciwonsa, sai ya ari bakin Musulmi. A 1933 'yan Nazi suka ƙona littattafai a Berlin, har da nasa, kuma yau wannan jimlar ce a rubuce a dandalin da aka yi ƙonawar.

'Yar da aka yi wa zaman makoki tana raye

A gabashin Turai lamarin ya fi ɗaci. Miliyoyin Yahudawan daular Rasha an killace su a yankin da doka ta yarje musu zama, da Yidish, harshen Yahudawan yankin, suke magana, kuma tun 1827 ake ɗibar yaransu daga shekara 12 zuwa makarantun soja, inda ake matsa musu su karɓi baftisma, har aka soke tsarin a 1856. A can mai sauya addini ba a kallonsa a matsayin mai neman aiki kurum, ana ganinsa wanda ya koma sahun masu bulala. Ki riƙe wannan a rai in za ki karanta labaran Tevye mai madara, waɗanda Sholem Aleichem ya riƙa fitarwa ɗaya-ɗaya daga 1894 zuwa 1914. Sunan nan na alƙalami ne, gaisuwarsu ce, 'yar'uwar "salamu alaikum" ɗinmu.

Tevye talaka ne mai keken doki, yana kai madara da man shanu gidajen masu hali. Ba ya buɗe baki bai jawo aya ba, ko da ya karkatar da ita. Kowace 'yarsa takan shigo masa da wani yanki na zamani. Babbar ta ƙi attajirin da aka zaɓa mata ta auri talakan tela, ya haƙura. Ta biyun ta bi ɗan juyin-juya-hali zuwa Siberiya, ya haƙura da hawaye. Sai Chava, wadda ta ƙaunaci wani saurayi Kirista mai karance-karance. A Rasha ta lokacin babu auren kotu, don haka auren Kirista yana nufin baftisma. Tevye ya je wurin limamin coci neman 'yarsa, aka ƙi nuna masa ita. Ya dawo gida ya ce wa matarsa su zauna a ƙasa su yi zaman makoki na kwana bakwai, kamar yadda suke yi wa mamaci. Babu sauran Chava.

Wata rana yana dawowa ta daji sai ga ta, ta riƙe linzamin dokinsa tana roƙon ya saurare ta ko kalma ɗaya. Ya tsula wa dokin bulala ya wuce, bai waiwaya ba. A nan gwanintar marubucin take. Mutumin da bai taɓa rasa aya ba, yana tafe shi kaɗai, sai ya kama tambayar kansa: mene ne Bayahude, mene ne wanda ba Bayahude ba, kuma me ya sa Ubangiji ya halicci su biyun sannan ya gitta katanga a tsakani? Ya laluba karatunsa bai samo amsa ba. Duk shekarar da na koyar da labarin nan aji yakan rabu. Galibi suna bayan Tevye da ƙarfi, suna cewa ai kowa ya bar gida gida ya bar shi, har sai mun iso dajin nan, sai ka ji aji ya yi tsit. Wata ɗaliba ta taɓa ce mini, "Malam, ni ban ga 'yar ta mutu ba, uban na ga ya mutu."

Ki duba kuma abin da babu a labarin. Chava ba ta taɓa cewa ta gamsu da aƙidar Kirista ba. Hujjarta ita ce Allah ya halicci mutane daidai. Soyayya da littattafan marubucin Rasha Gorky suka ja ta, coci hanya ce kawai da doka ta tilasta. A labarin 1914 hukuma ta kori Yahudawa daga ƙauyen, aka ba Tevye kwana uku ya tattara. Yana haɗa kaya sai Chava ta bayyana, ta baro mijin, ta ce inda za su nan za ta. Tevye bai faɗa mana kai tsaye yadda ya yi ba, sai ya juya ya tambayi marubucin, kai da me za ka yi? Amma an gane, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da Amurkawa suka mai da labarin wasan waƙe-waƙe a 1964, sai suka bar Chava tare da mijinta, uban ya yi mata addu'a ƙasa-ƙasa. Shekara 50 da tekun Atlantika sun sassauta hukuncin.

Gadon da ya iso fanko

Akwai wani nau'in da bai shiga coci ba, bai kuma samu abin riƙewa a gida ba, kuma ina ganin su suka fi yawa a littattafan da kika karanta. Franz Kafka na Prague ya rubuta wa mahaifinsa doguwar wasiƙa a 1919, wadda ba ta taɓa isa hannun uban ba. Cikin ƙorafinsa akwai na addini. Uban ya taso a ƙauye, ya zo birni ya buɗe kanti, abin da ya rage masa na Yahudanci shi ne zuwa majami'a kwana huɗu a shekara, yaron na gefe yana hamma. Ga uban wannan ɗan abin yana ɗauke da ƙanshin ƙuruciyarsa. Ga ɗan kuwa fanko ne, ya rasa abin da zai yi da shi in ba yarwa ba. A wasiƙarsa ga amininsa Max Brod a 1921 ya kwatanta marubutan zamaninsa da halittar da ƙafafunta na baya suka maƙale a Yahudancin iyaye, na gaba kuma suna lilo ba su samu ƙasar takawa ba. Kalmar Bayahude ba ta fito a manyan ƙagaggun labaransa ba, amma wanda ya san wannan zai gane mutumin da ke cikin wani labarinsa, wanda ya zauna bakin ƙofar shari'a har ya tsufa yana jiran izinin shiga. A ƙarshen rayuwarsa Kafka Ibrananci yake koyo.

Wasu sun juyo daga bakin ƙofa. Masanin falsafa Franz Rosenzweig ya yanke shawarar karɓar baftisma a 1913, ya ce bari ya halarci ibadar Ranar Kafara, babbar ranar azuminsu da neman gafara, sau ɗaya na bankwana a wata majami'a a Berlin. Ya fito ya fasa, ya ƙare rayuwarsa yana fassara littattafansu masu tsarki zuwa Jamusanci tare da Martin Buber.

Daga nan tarihi ya yanke gardamar da mugun hannu. Dokokin Nuremberg da 'yan Nazi suka kafa a 1935 don ware Yahudawa kakanni suka ƙirga, ba su tambayi kowa abin da ya yi imani da shi ba. Irène Némirovsky, marubuciyar da ta yi suna a Faransa, ta karɓi baftismar Katolika a 1939, ta mutu a sansanin gwale-gwale na Auschwitz a 1942. Littafin da take tsakiyar rubutawa ya zauna shekaru da dama a akwatin 'yarta, sai a 2004 aka buga shi. Edith Stein ta zama Katolika tun 1922, ta shiga gidan mata masu zaman zuhudu, ita ma a Auschwitz aka kashe ta a wannan shekarar. Tikitin Heine ya tashi daga aiki. Bayan kisan Yahudawa miliyan 6 da 'yan Nazi suka yi, duk marubucin da ya ɗauko zancen barin addini ya san mai karatunsa ya san wannan. Shi ya sa marar imani yake cewa ba zai ajiye sunan ba: in an zo kamu da shi za a haɗa, kuma ajiye sunan a bayan irin wannan kisa kama yake da tserewa daga jana'izar uwa.

Philip Roth ya kama wannan da kyau a wani gajeren labari cikin littafinsa na farko na 1959. Yahudawan wata unguwar masu hali a Amurka, waɗanda suka saje da maƙwabtansu, sun tura lauyansu Eli ya raba su da wani baƙo da ya tsira daga sansani, mai yawo da baƙar riga da baƙar hula irin ta tsohuwar ƙasa, don yana tona musu asiri. Eli ya ba shi kwat ɗinsa. Mutumin ya ajiye masa baƙaƙen kayan a ƙofar gida. Eli ya saka su ya ratsa tsakiyar gari, aka ce ya haukace, aka danna masa allura. Rikicin ma'anar sunan bai tsaya a littafi ba. A 1962 kotun ƙolin Isra'ila ta saurari ƙarar Oswald Rufeisen, Bayahuden Poland da ya ceci 'yan'uwansa lokacin yaƙi, daga baya ya zama fada na Katolika, ya zo yana neman zama ɗan ƙasa a matsayin Bayahude. Shari'ar addini za ta ƙirga shi. Kotun gwamnati ta ƙi.

Masu ƙorafi daga cikin gida

Yanzu ga maganganun da suka tsorata ki. Suna da tushe a al'adarsu, ba zamani ne ya ƙago su ba. A ruwayar Attaura, Annabi Ibrahim ya tsaya yana roƙo kan mutanen Saduma, yana rage adadin salihan da za a yafe wa gari dominsu daga 50 har 10. Mu ma mun san wurin: Suratu Hud aya ta 74 ta ce ya yi jayayya game da mutanen Luɗu, amma bayan aya biyu aka ce masa ya bar wannan, umarni ya riga ya zo. A wurinmu nan maganar ta tsaya. Su kuwa sun riƙe ta a buɗe, suka ƙara da littafin Ayuba na nasu kundin, wanda rabinsa ƙorafi ne. Suna kallon alaƙarsu da Ubangiji a matsayin alkawari mai ɓangare biyu, don haka suna ganin bawa na iya kai kuka. Ba sai kin yarda da wannan ba kafin ki fahimci littafin, amma in ba ki san shi ba za ki ɗauki mai kuka a matsayin mai izgili.

Elie Wiesel yaro ne mai ibada ɗan shekara 15 lokacin da aka kwashe su daga Sighet a 1944. A littafinsa Dare, wanda ya fito da Faransanci a 1958, akwai wurin da aka rataye wani ƙaramin yaro a gaban fursunoni, wani daga baya yana tambaya ina Ubangiji yake. Da Ranar Kafara ta zo Wiesel ya ƙi yin azumi. Amma mutumin nan ya ci gaba da zuwa majami'a har ya rasu a 2016. Ya ba da labarin cewa a sansani ya ga malamai uku sun zauna sun yi abin da suka kira shari'a da Mahalicci, da suka gama sai ɗayansu ya duba sama ya ce lokacin addu'ar yamma ya yi, suka tashi suka yi. Primo Levi, masanin kimiyyar sinadarai daga Turin, nasa daban ne. Ya ce marar imani ya shiga Auschwitz, marar imani ya fito. Ya tuna daren da aka tantance waɗanda za a kai ɗakin gas a kashe su da iskar guba, wani dattijo Kuhn yana godiya da ƙarfi don an tsallake shi, alhali a gadon kusa da shi ga saurayi ɗan shekara 20 da aka zaɓa. Levi bai yafe wannan addu'a ba. Duk da haka bai taɓa musun cewa shi Bayahude ne ba.

Wanda na fi so a wannan babi bai kai waɗannan biyun suna ba. Chaim Grade na Vilna ya rubuta labarin tsofaffin abokan makarantar addini biyu da suka haɗu a Paris bayan yaƙi, kowa an kashe masa iyali. Ɗaya ya zama marubuci marar ibada, ɗayan, Hersh Rasseyner, ya ƙara tsauri. Marubucin ya ce, bayan abin da ya faru ta yaya kake dogara ga Ubangiji? Hersh ya ce, bayan abin da ya faru ta yaya kake dogara ga ɗan Adam da wayewarsa, ba masu digiri ne suka gina ɗakunan gas ba? Grade shi ne marar ibadar, amma ya ba abokin gardamarsa hujjoji masu kaifi har mai karatu ya rasa wanda ya yi nasara. Ɗalibaina masu zurfin karatun addini a nan suke farkawa, don muryar Hersh ba baƙuwa ba ce a kunnensu.

A nan ya kamata in ja miki kunne kan iyakar abin da littattafan nan za su iya nuna miki. Masu tsananin riƙo da addini a cikinsu ba su cika rubuta ƙagaggen labari ba, da yawansu ma ɓata lokaci suke ɗaukarsa, sharhin Talmud suke rubutawa. Alƙalamin labari ya fi zama a hannun waɗanda suka fita ko suke tsaye a bakin ƙofa. Kamar a ce wani ya auna imanin gari da hirar 'yan majalisar shayi kaɗai. Akwai irin su S. Y. Agnon, mai ibada wanda ya samu kyautar Nobel a 1966, amma shi ma tauraronsa mabuɗin tsohuwar makarantar addinin garinsu aka damƙa masa, ya ɓatar da shi.

Waɗanda suka musulunta, da waɗanda suka shigo

Ba coci kaɗai ake fita zuwa ba. Leopold Weiss, jikan malamin Yahudawa, an haife shi a Lemberg a 1900, ya musulunta a Berlin a 1926 ya zama Muhammad Asad. A littafinsa Hanyar Makka na 1954 ya faɗi yadda ya kalli fuskokin masu wadata a jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ga azaba a kansu, ya dawo gida idonsa ya faɗa kan Suratut Takasur. Nasa na cikin 'yan kaɗan da aƙida ce tsantsa ta ja su, babu aiki ko aure a gaba. Amma Musuluncinsa bai cire danginsa daga lissafin 'yan Nazi ba, mahaifinsa da 'yar'uwarsa a hannunsu suka mutu. Shimon Ballas, haifaffen Bagadaza da ya koma Isra'ila a 1951, ya buga labari da Ibrananci a 1991 kan injiniya Bayahude da ya musulunta don ya zama cikakken ɗan Iraƙi, ya gina shi kan rayuwar masanin tarihi Ahmad Susa. Tambayar Heine ce ta sake dawowa, wannan karon a bakin kogin Dijla.

Masu shigowa kuwa ba su da yawa, don Yahudanci ba ya wa'azin jawo mutane. Al'adarsu ma ita ce a mai da mai neman shiga har sau uku, in ya nace sai kotun malamai uku, da kaciya ga namiji, da wankan nutsewa. Shi ya sa in marubuci ya kawo mai shigowa, yawanci madubi ya ɗauko wa 'yan gida. Bernard Malamud a 1957 ya kawo Frank Alpine, ɗan asalin Italiya da ya yi wa wani talakan mai kanti fashi a Brooklyn, nadama ta sa ya dawo yana yi masa aiki. Mai kantin, Morris Bober, yana buɗe kanti ranar Asabar, ya shekara 20 bai taka majami'a ba, amma ba ya tauye mudu. Bayan mutuwarsa Frank ya gaji kantin da talaucin, ya je asibiti aka yi masa kaciya, bayan Idin Ƙetarewa, bikinsu na tunawa da fitowa daga Masar, ya zama Bayahude. Ni wannan ƙarshen bai taɓa gamsar da ni ba, Malamud ya mai da Yahudanci haƙuri da gaskiya kawai, abin da kowane mutumin kirki zai iya da'awa.

In ɗaya za ki fara da shi, ki nemi littafin Isaac Bashevis Singer na 1962 mai suna Bawa. Singer ɗan malami ne daga Poland, da Yidish ya yi rubutu har ya karɓi Nobel a 1978. Labarin ya faru bayan kisan gillar da mayaƙan Khmelnytsky suka yi wa Yahudawa a 1648. Yakubu, mai ilimi, an kashe masa mata da 'ya'ya, an sayar da shi ga wani manomi a kan duwatsu. Ba littafi, ba ɗan'uwa, yana kiwon shanu yana zana dokokin Attaura a jikin dutse don kada ya manta. 'Yar ubangidansa, sunanta Wanda, ta ƙaunace shi, ta riƙa yi masa tambayoyi kan Ubangijinsa har ta gaskata. Dokar Poland ta lokacin kisa ta tanada ga Kiristan da ya koma Yahudanci, kuma garin da ya karɓe shi ma yana cikin haɗari. Saboda haka da suka sauka a wani gari ta koma Saratu, ta yi kamar bebiya ce don kada harshenta ya tona su. Matan gari suna gulmarta a gabanta suna zaton ba ta ji, ita kuwa tana kallon yadda waɗanda aka haifa cikin addinin suke kiyaye dokar abinci daki-daki suna cin naman junansu. Ranar haihuwa naƙuda ta yi tsanani, ta yi magana da yaren ƙauyensu, asiri ya tonu, ta rasu. Dattawan gari suka ƙi binne ta a maƙabarta, aka haƙa mata a wajen shinge. Yakubu ya ɗauki jaririn ya tafi Birnin Ƙudus. Bayan shekara 20 ya dawo neman kabarinta bai gane wurin ba, ajali ya same shi a garin. A tsawon shekarun nan mutane sun yi ta mutuwa, maƙabarta ta faɗaɗa har ta haɗiye inda aka yar da ita. Masu haƙa kabarinsa suka ci karo da ƙasusuwanta, aka kwantar da shi a gefenta.